Waɗanda suka koma karatun Alƙur'ani da girmansu, yaya kuka yi?

Tela, Sabon Gari, Maradi:

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma waɗanda abin ya faru a kansu nake so su amsa. Wa'azi kam na sha shi.

Na haura shekara 50. An cire ni daga makarantar allo a shekarar yunwar El Buhari, 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya gagari talaka. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wajen mai ɗinki. A Sabbi na tsaya. Abin da na riƙe a ka da shi nake salla har yau, amma in aka buɗe mini Alƙur'ani aka ce karanta nan, sai kallo. Yanzu a layinmu ni ne babba, in an tada iƙama yara sai su ja baya su ce "Baba, bismilla." Azahar da La'asar da sauƙi tunda ba a bayyana karatu. Magariba nake gudu, har na saba rufe shago kafin a kira ta.

Ina son komawa. Wanda ya koma ya faɗa mini: ina ya zauna, gaban wa, yaya ya yi da idon mutane, yaya kuma ya yi da sana'a?

Mai Wake, Babbar Kasuwa:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Ni rufe iyakar 2019 ce ta zaunar da ni. Daga Agusta na shekarar kaya ba sa tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya yadda muka saba, buhuna jibge a sito, ni ina bakin rumfa ina lissafin masu bina bashi. Ba zan ce maka tsoron Allah ne kaɗai ya tashe ni ba. Zaman banza ya taimaka. Sai kuma wani abu da ya daɗe yana ci mini rai: na je Makka, a cikin Harami ina ganin ƙananan yara sun buɗe Alƙur'ani suna zuba karatu, ni carbi kawai ke hannuna, na dawo gida ana ce mini Alhaji.

Da farko na yi irin ta masu hali. Na ɗauki malami yana zuwa gida bayan Isha, a ɗakin baƙi, ƙofa rufe. Duk abin da na karanta sai ya ce "Masha Allah, Alhaji, daidai ne." Ƙarshen wata in sallame shi. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ne, wa zai tsaya yana gyara wa wanda yake ci a hannunsa? Sai dai wata ya bi wata ina nan inda nake.

Daga baya na koma zauren wani malami a unguwarmu, bayan sallar Asuba. Cikin masu zama har da ɗan dakon da ke loda mini mota, shi yana izu 10, ni an mayar da ni babbaƙu, alu, ambaki, wau, zal. Da ya gan ni ya zabura zai ba ni tabarmarsa, malam ya ce masa zauna, nan ba kasuwa ba ce. Na yini da zafin maganar nan, har na ƙudura ba zan koma ba. Da Asuba ƙafa ta kai ni.

Idon mutane kuwa, ɗan lokaci ne ake yi da kai. A kasuwa an ce Alhaji ya karye shi ya sa ya tuna da Allah. Wani ya ce malanta zan shiga in riƙa ba da rubutun sha. Da aka samu sabon zance aka bar ni. Masu faɗin suna nan, muna gaisawa. Sana'a ba ta taɓu ba, don kafin rana ta ɗaga mun tashi. Alhamis da Juma'a dama babu karatu, Litinin ranar kasuwa kuma malam ya ɗauke mini. Yanzu ina Tabara.

Uwar Biyu, unguwar Zariya, Maradi:

Baba Alhaji, a yi mini haƙuri, amma ku maza kunya ce kaɗai a gabanku. Mu kafin a zo kan kunya sai an wuce izinin maigida, an wuce tukunya, an samu wanda zai riƙe yara.

Da na fara yi masa maganar Islamiyyar matan aure, cewa ya yi me ya rage ban sani ba, ba ina salla ba? Daga baya na gane ba karatun yake ƙi ba. Gidansu ƴan ɗariƙa ne kaka da kakanni, kuma ya tashi yana jin labarin lokacin da Izala ta shigo Maradi daga Najeriya, wa da ƙane suka daina bin juna salla, aka daina cin abincin sunan juna. Tsoronsa kada in je in dawo ina ce masa mahaifinsa bai iya addini ba. Ban ja da shi ba. Wajen surukata na bi, na riƙa kai mata maganar a hankali, har ranar da ta ce masa a gabana, ka bar yarinya ta je, ko ni in samu mai karanta mini. Shi ke nan.

Abin da ya kai ni ma ba Alƙur'ani ba ne tun farko. Bayan haihuwata ta fari jini ya rikice mini, ban san yaushe zan yi wanka in koma salla ba, yaushe zan jira. Wa zan tambaya? In aika maigida wajen limami da irin wannan tambaya? Kowace mace a gidan da abin da take faɗi. A makaranta malama mace ce, ta buɗe Ahalari ta karanta mana babin, mata suka riƙa tambaya ba rufa-rufa. Ranar na ga matar da ta haifi 8 tana tambayar abin da nake jin kunyar tambaya.

Asabar da Lahadi muke yi da safe. Awarar da nake soyawa ta safiyar Asabar na haƙura da ita, kuma ita ce ta fi ciniki, wannan kam ina jin ta a jikina. Kuɗin wata bai kai jika ba, wato sefa dubu, amma akwai watan da sai na roƙi a ɗaga mini. Da goyo nake zama, in ya yi kuka in fita in dawo an wuce ni. Ba ni da sauri, sai dai ban taɓa fashin mako biyu a jere ba.

Ɗalibi, Ali Ɗan Sofo:

Baba Tela, kada ka ɗauka na manya ne kaɗai. Shekarata 24, na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ina karatun fannin noma a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ka ba ni littafin Faransanci kowane iri zan karanta maka, amma har bara da haruffan boko nake bin sura a waya. In azumi ya zo abokai suka zauna tilawa a masallaci, sai in ce kaina ke ciwo. Ku ana yi muku uzuri, a ce zamani ne bai ba ku dama ba. Ni wane uzuri za a yi mini? An sa ni allo ina yaro, ina zuwa da dare bayan lakwal, wato makarantar boko, ina gyangyaɗi, aka ga jarrabawa ta matso aka ce in bari sai hutu, hutun da bai zo ba ke nan.

Mai koya mini yanzu wani gardi ne daga wajen Madarunfa, mai shayi ne kusa da inda nake haya. Ya sauke, ya haddace, amma in saƙon kuɗi ya shigo wayarsa sai ya nemi mai karanta masa. Muka yi yarjejeniya: in ya tashi daga teburi ya biya mini allo, ni in koya masa boko da lissafi a takarda. Da yake kowa ya ga tsiraicin jahilcin ɗan'uwansa, babu mai yi wa wani dariya.

Matsala ɗaya ta dame ni, ko akwai malami a nan. Makarancin da nake saurare a waya yana jan "maaliki" a Fatiha, malamina ba ya ja. A Alƙur'aninsa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a nawa na waya ba haka ba. Na tambaye shi ya ce nasa ne na asali. Wa zan bi?

Malamin Zaure, Limanci:

Ɗana Ɗalibi, duka biyun na asali ne. Malaminka da ruwayar Warshu yake karatu, daga Nafi'u makarancin Madina, ita ce kakanninmu suka gada ta hanyar Magrib tare da irin rubutun da ka gani, mai fa da ɗigo a ƙasa. Na wayarka ruwayar Hafsu ce daga Asimu makarancin Kufa. Ta yawaita a nan ne da kaset da rediyo, da kuma Alƙur'anan da alhazai ke dawowa da su tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984. Kowacce ka yi salla da ita ta yi. Abin da ba a so shi ne ka gauraya su tun ba ka san bambancinsu ba. Tunda mai gyara maka baki da baki Warshu ya iya, bi shi, ka nemi makarancin Warshu a wayar, akwai su. Waya ba ta jin kuskurenka.

Malam Tela, kafin maganar komawa, bari in sauke maka nauyin Magariba. Hadisi ya ce wanda ya fi iya karatun Littafin Allah shi ke jan mutane salla, shekaru sai an yi kunnen doki a sauran abubuwa ake duba su. In a cikin yaranka akwai wanda ya fi ka karatu, tura shi gaba da hannunka, ka tsaya bayansa, girmanka bai ragu ba. In kuma babu, Fatiha da Ƙulhuwa sun isar. Ka daina rufe shago saboda wannan.

Ni ma na zauna inda kuke zaune. Na sauke tun ina saurayi, na buɗe makaranta, ina da almajirai, sai wani yaro da ya dawo daga jami'ar Musulunci ta Say ya bi ni salla, bayan an watse ya matso ya ce mini a hankali, Malam, harafin nan na ƙarshen Fatiha ba lam ba ne. Haka muka taso muna faɗinsa, "walal lallina", haka malamina ya faɗa, haka nasa malamin. Ina da shekara 40 da wani abu na riƙa zuwa ɗakinsa da dare ina koyon inda harshe ke taɓawa. Almajiraina sun sani, wasu iyaye suka kwashe ƴaƴansu, wai malamin da ke neman karatu me zai koyar. Wasu sun dawo da su, wasu ba su dawo ba.

Abin da na lura da shi ga manya: ba wuyar harafi ke korar su ba. Babba yana zuwa da lissafi, ya ce cikin shekara zai sauke, in ya ga wata 3 yana farfaru sai zuciyarsa ta mutu. Yaro ba ya lissafi, shi ya sa yake kaiwa. Wasu kuma da azumi suke zuwa da zafinsu, ana sallar Idi ba ka ƙara ganinsu. Ina yawan karanta musu hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa mai karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Wani in ya ji ya dawo, wani ya ce Allah ya saka, ya tafi. Ba na haɗa manya da yara a zama ɗaya sai in su suka so, kuma ba na gyara wa dattijo da ɗaga murya. Amma gyara kam sai na yi, a nan na yarda da malamin Alhaji.

Inna, Bagalam:

Jikata ce ka rubuta mini, ni ban iya latsa abin ga ba.

Tela, ɗana, mi kake jira? Ni sai da maigida ya rasu na hwara. Zamaninmu ɗiya mace ba a kai ta nesa, a koya miki Hwatiha da Ƙulhuwa, a ce ya isa, a kai ki ɗaki. Shina da rai, in abu ya shige mini duhu shi nika tambaya, in ya sani ya hwaɗi, in bai sani ba shi ce hakanan ne. Da na shiga takaba, wata 4 da kwana 10 ba hita, masu gaisuwa suka ɗauke ƙahwa, dare ya yi mini tsawo. In kwanta in ga yadda aka hita da shi, in ce ke ma hakanan za a hita da ke, mi kika riƙe? Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba na ɓoye maka.

Ɗiyar maƙwabta ce ta riƙa shigowa bayan La'asar tana biya mini da baki. Sa'ar jikata ce. Da na hita takaba na ce a kai ni makaranta. Ɗiyana maza suka ce Inna ki zamna gida a kawo miki malama, kunya suka ji a ga uwarsu da jaka. Na ce ku ji kunyarku, ni na tahi. Ido bai gani sai da aka yi mini tabarau, aka sawo mini Juz'u Amma mai manyan baƙaƙe. Haƙora sun zube, sin da shin duk ɗaya suke hita, malama ta gaji ta ce Inna wuce, Allah ya san nuhinki. Ƴan ajinmu in na ɓata suna dariya, ni ma in taya su.

Na kai Sabbi bana. Inda aka tsaida kai kana yaro, nan ni na iso da tsuhwata. Sauka ban sa ta a rai ba, inda kwana ya ƙare nan ne nawa.

Mushe mai ritaya, Sura Bildi:

Inna, Allah ya ƙara lafiya, kin sa na yi dariya ni kaɗai.

Ni Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan, na koyar a lakwal sama da shekara 30, Gazawa, Dakoro, Tasawa, kafin a dawo da ni gida. Mu ne yaran da aka kama aka sa boko, lokacin da iyaye ke ɓoye ƴaƴansu a rumbu in an ji mai rubuta suna ya shigo gari. Wanda aka kama ya bar allo, wanda ya tsira ya bar boko. Madarasar gwamnati mai haɗa Larabci da Faransanci ta farko a Say aka buɗe ta a 1957, ina mu ina Say. Haka aka raba tsara guda gida biyu, kowane ɓangare yana yi wa ɗaya kallon jahili.

Da na yi ritaya na je neman makarantar dare, na tarar malamin ajin manya yaro ne da na koyar a aji 4, har na tuna ranar da na zane shi kan jadawalin sau. Ya rasa yadda zai yi da ni, yana ce mini Mushe, ina ce masa Malam. Na ja shi gefe na ce masa yadda ban raga maka ba kada ka raga mini. Bulala dai bai ɗauka ba.

A matsayina na wanda ya san aikin koyarwa, ga abin da na gani a kaina. Hadda ta yi mini nauyi, abin da jikana ke riƙewa a zama ɗaya ni sai na kwana ina maimaitawa. Amma in aka faɗa mini ma'anar aya, ta zauna ke nan. Saboda haka Malam Tela, nemi wanda zai haɗa maka da fassara tun daga ƙananan surori. Na kuma ajiye kaye da bik ina kwafar duk abin da aka biya mini, hannun da ya saba tafiya daga hagu sai da ya yi gardama kafin ya yarda ya taso daga dama. Kai tela ne, idonka ya saba da ƙananan abubuwa, wasali ba zai ba ka wuya kamar ni ba.

Wata rana muna karanta Alam nashraha da fassara, aka zo inda aka maimaita cewa tare da tsanani akwai sauƙi. Shekara nawa ina salla da surar nan, har a daren da muka binne ɗana na fari da ita na yi Isha, ban san abin da nake faɗi ba. Na nemi izini na fita waje na ɗan tsaya.

Ɗan Kabu-kabu, Mokoyo:

Ku yi haƙuri in ɓata muku zance, don kada Baba Tela ya ɗauka kowa ya shiga ya dore. Ni na shiga na fita.

Na fara bayan ƙaramar salla, ina zuwa tsakanin Magariba da Isha, har na fara haɗa baƙi. Damina ta faɗi na tafi ƙauye noma wajen Gidan Rumji, na dawo bayan an yanke gero na tarar ƴan ajinmu sun yi nisa, aka ce in koma cikin sababbi. Ga babur ba nawa ba, kullum sai na kai wa mai shi kuɗinsa ko na samu ko ban samu ba, ga mai ya yi tsada. Alhaji ya ce sana'arsa ba ta taɓu ba, to shi yana da yara a rumfa. Ni in na kashe babur awa ɗaya, a tukunyar gidana ake gani. Ana ta ce mana gemu ba ya hana ilimi, ni ba gemu ya hana ni ba.

Abin da nake yi yanzu, na sa karatu a katin waya, in ina jiran fasinja in saurara. Na ji Malam ya ce waya ba ta jin kuskure, gaskiya ne. Amma ita ke gare ni.

Malamin Zaure, Limanci:

Ɗana, ba ka ɓata zance ba, irinka sun fi yawa. Neman abin da iyali za su ci shi ma wajibi ne a kanka. Kada ka bar sauraren. In ka samu hali ka riƙa biyowa ko sau ɗaya a mako ka karanta mini abin da ka ji in gyara, ba sai ka shiga aji ba, ba kuma kuɗin Laraba. Bayan Magariba ina zaure.

Ɗan Kabu-kabu, Mokoyo:

Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Sai dai bayan Magariba ne ƴan kasuwa ke tashi, lokacin nake haɗa kuɗin mai babur. Da rana tsaka ne gari ke mutuwa, wajen ƙarfe 2 zuwa La'asar. Ko akwai mai zama a lokacin?

Mushe mai ritaya, Sura Bildi:

Ni ina gida a lokacin, ba abin da nake yi sai sauraren rediyo. Ban kai in gyara maka tajwidi ba, amma daga Nasi zuwa Sabbi zan iya bi da kai, Juma'a ka kai wa Malam ya duba mu duka biyu. Na tura maka kwatancen gidan ta saƙo. In ka zo ka shigo da babur ɗin cikin zaure, kada ka bar shi a waje.